Ina Talakawan Alƙalawa a Labaranmu?

A shekara ta 79 Miladiyya wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Italiya, toka ta binne birnin Pompei na Rumawa. Tun da aka fara tono shi a 1748 ake samun shaguna, da burodi cikin tanda, har da rubutun masu wucewa a jikin bango. Wato toka ta adana rayuwar talaka.

Mu kuwa ruwa da gara sun cinye namu kufai. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ke arewa da Shinkafi, ta faɗi a 1808. Muhammadu Bello ya kawo labarin yaƙin cikin Infaƙul Maisuri. Mun san Yunfa, mun san Namoda. To, ina mai fura, ina marini, ina maƙeri?

Nan ne yawancin ƙagaggun labaranmu na tarihi suka gaza. Sun bi sawun Ganɗoki: doki, takobi, kirari. Shaihu Umar ya fi daɗewa a zuciya domin Tafawa Ɓalewa ya nuna mana uwa tana neman ɗanta.

'Yan'uwa marubuta, abin da ya rage mana yana bakin tsofaffin Zurmi da Ƙaura Namoda, cikin waƙoƙin niƙa da daɓe. Mu je mu tambaye su tun suna raye.