Lennox Robinson A Gidan Wasa Na Abbey: Mai Ba Da Umarni Da Ya Zama Marubucin Tarihin Gidansa

A wannan sashe za a duba rayuwar aikin Lennox Robinson (1886–1958), ɗan yankin Cork na ƙasar Ailan, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana hulɗa da gidan wasan kwaikwayo na Abbey da ke birnin Dublin. Bisa al'ada, idan za a yi nazarin wasan kwaikwayo akan tsaya ne a kan jigo da salo da zubi da tsari da taurari, wato abin da ke rubuce. Ra'ayin wannan nazari shi ne, idan aka auna Robinson da wannan ma'auni kaɗai za a tauye shi, domin babban aikinsa a bayan labule ya yi shi.

An buɗe Abbey a watan Disamba na 1904 a ƙarƙashin jagorancin W. B. Yeats da Lady Gregory, da kuɗin wata Baturiyar Ingila mai suna Annie Horniman. 'Yan'uwan nan biyu, Frank da William Fay, su ne suka horar da 'yan wasan farko a kan salo mai natsuwa: rage motsi a dandali da fitar da kowace kalma sarai. Sun bar gidan a 1908, shekarar da aka nuna wasan Robinson na farko, The Clancy Name. Ba da daɗewa ba Yeats ya naɗa shi manaja kuma mai ba da umarni, alhali bai kai shekara 25 ba, aka kuma tura shi Landan ya ga yadda Bernard Shaw da Granville-Barker suke bita da 'yan wasa. Ke nan salon Fay ya gada, ya haɗa da abin da ya koyo a Landan, ya ci gaba da koyar da shi ga 'yan wasan da suka biyo baya.

Jarrabawarsa ta farko ta zo a watan Mayu na 1910, lokacin da Sarki Edward na Bakwai ya rasu. Sauran gidajen wasa na Dublin sun rufe don makoki, shi kuwa ya bar Abbey a buɗe. Horniman ta fusata, ta nemi a kore shi, Yeats ya ƙi, ita kuma ta janye tallafinta. Ana iya kallon wannan a matsayin kuskuren ƙuruciya, amma sakamakonsa shi ne gidan ya koma dogaro da kuɗin 'yan kallo har zuwa 1925 da gwamnatin sabuwar ƙasar Ailan ta fara ba shi tallafi. Wannan matsin ya yi tasiri a kan irin wasannin da ake zaɓa, domin dole a nuna abin da zai cika kujeru. Wasansa na barkwanci, The Whiteheaded Boy (1916), yana cikin irin waɗannan. Ya ajiye aiki a 1914, ya dawo a 1919, ya shiga hukumar gudanarwa a 1923.

Inda hazaƙarsa ta fi fitowa shi ne a wasannin Sean O'Casey. Shi ya ba da umarni a The Shadow of a Gunman (1923) da The Plough and the Stars (1926). Wasa na biyu ya taɓa boren 1916 ta fuskar talakawan birni, ya kuma nuna an shiga da tutar 'yan kishin ƙasa cikin mashaya. Tun a wajen bita wasu 'yan wasa suka ƙi furta wasu kalmomi, bayan an fara nunawa kuma 'yan kallo suka tayar da hatsaniya. Duk da haka wasan ya ci gaba. Haka kuma, ta ƙungiyar Dublin Drama League da ya taimaka aka kafa bayan yaƙin duniya na farko, ya kawo wa mutanen Dublin wasannin Pirandello da Chekhov da Strindberg, waɗanda Abbey ba ya nunawa.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. A 1928 Robinson yana cikin shugabannin da suka ƙi karɓar The Silver Tassie na O'Casey, wasan da ya kauce wa salon kwaikwayon zahiri da gidan ya saba da shi. An nuna shi a Landan a 1929, Abbey kuwa sai a 1935, bayan dangantaka da marubucin ta riga ta yi tsami. A nan akwai saɓani a aikinsa: mutumin da ya yi maraba da sabon salo daga ƙasashen waje ya yi ɗari-ɗari da shi da ya fito daga ɗan gida.

Wannan saɓani ya shafi matsayinsa na masani. A 1946 ya tace littafin ajiyar bayanan Lady Gregory, a 1951 kuma, shekarar da gobara ta cinye ginin, ya fitar da tarihin Abbey daga 1899 zuwa 1951. Littafin taska ce ta sunayen wasanni da ranaku da 'yan wasa, kuma mai bincike ba zai iya kauce masa ba. Amma marubucinsa yana cikin waɗanda suka yanke hukunce-hukuncen da yake ba da labari, mai ɗaki kuwa, ko da ya san inda yake yoyo, ba lallai ya nuna wa baƙo ba. Saboda haka wannan nazari zai dogara da littafin wajen tabbatar da abin da ya faru, amma wajen dalilan faruwarsa za a gwada maganarsa da ta O'Casey da Lady Gregory a sashe na gaba.