Barikanci da Ra'ayin 'Yan Kallo: Samanja Mazan Fama a Kunnen Mutanen Yolde Pate

Daga cikin wasannin kwaikwayon da gidan talabijin na NTA Kaduna ya gabatar a shekarun 1970 da 1980, da wuya a sami wanda ya kai Samanja Mazan Fama farin jini. Marigayi Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja wanda ya rasu a 2023, shi ne ya riƙa fitowa a matsayin Samanja. Wannan maƙala tana ganin cewa hukuncin da ɗan kallo yake yanke wa wannan tauraro ya danganta ne ga irin Hausar da shi ɗan kallon ya tashi da ita.

Muƙamin samanja tsaka mai wuya ne. Yana rusuna wa hafsa, sannan ya juyo ya daka wa kurtu tsawa, duk da harshe guda, wato Barikanci mai gauraye da karyayyen Turanci, gadon rundunar sojan mulkin mallaka. Ga Bakano ko Bakatsine, harshen kansa shi ne abin dariya, saboda haka Samanja a wajensa mutum ne mai iko wanda bakinsa ke kayar da shi.

Lamarin ya sha bamban a Yolde Pate ta Yola, da maƙwabciyarta Jimeta, inda Hausa take harshen kasuwa da cuɗanya, ba na uwa ba ga akasarin jama'a. Fillanci ba ya rarrabe jinsin namiji da tamata a nahawunsa, kuma ko da yake yana da /ɓ/ da /ɗ/, ba shi da /ƙ/ da /ts/. Wanda ya saba jin "ya" a gurbin "ta" tun yana yaro, ba zai ɗauki maganar bariki a matsayin kwamacala ba. Idan dariyar harshe ta ragu, sai hankali ya koma kan dangantaka: shin tsawar Samanja zalunci ce, ko kuwa horon uba ne ga 'ya'yan da ya san wahalarsu? A garin da barikin soja ke kusa, kuma a zamanin da sojoji ke riƙe da mulki, wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

A nan ne aka fi tauye wa wasan haƙƙinsa, domin an fi auna shi da ma'aunin Daidaitacciyar Hausa, alhali kuwa ɗimbin masu kallonsa daga Jos zuwa Yola ba da ita suka saurare shi ba.