Kwanon Tuwon Sallah a Zakirai: Martani ga Masu Cewa Waya Ta Wadatar

Duk jajibirin Sallah, da tashar Yankaba ta cika ta batse da masu neman motar Gezawa da Zakirai, sai ka ji wani ɗan boko yana cewa wahalar banza ce. Wai tun da salula ta shigo a 2001, a tura wa tsohuwa kuɗi ta banki, a kira ta a gaisa, zumunci ya cika. Wasu kuma almubazzaranci suke kiran abin. Waɗannan ba sa buƙatar amsa. Duk wanda ya san farashin ragon birni ya san inda almubazzaranci yake.

Tarihin gajere ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta fara sallar Idi a fili ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattali. Madalla. Amma manazarta sun tare a gindin doki da algaita, sun bar rabin Sallar da mata da yara ke gudanarwa a Zakirai da sauran ƙauyukan Gabasawa, inda gida ke jingine da gida, gona da gona, kuma rabin samarin gari sai Sallah ke dawo da su daga cin rani.

A wannan rabin, abin da ya fi burge ni shi ne kwano. Kafin maza su sauko daga Idi, uwargida ta tuƙe tuwo, ta jera langa da samira a tsakar gida, tana malmala tana lissafi. Ba a zubawa da ka. Kwanon surukai shi ne na fari, shi ke samun tsoka mai kyau da man shanu a kan miyar taushe. Sai na gwaggo da na kawu, sai na liman da na maƙwabta, sai na ƙawa, wanda ƙaunarsa ta fi girmansa. Amaryar bana takan tsaya daga gefe tana kallo, don a nan take koyon wa ke gaban wa a dangin mijinta, abin da kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba.

Sannan a kira yaro. Ana ɗora masa kwanon a ka ana karanta masa: “Gidan Gwaggo za ka kai, ƙanwar kakanka ce, ka durƙusa ka gaishe ta.” Ɗan da aka haifa a Fagge ko Legas, wanda bai san kowa ba sai a hoto, kafin azahar ya taka ƙofa bakwai ko takwas, kowace da sunanta da matsayinta. Wata tsohuwa ta kama hannunsa ta ce mijinta ya zo, ina cefane. Ta haka zai gane kaka ce, da wasa tsakaninsu. A wani zauren kuma ya ga babansa ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya kasa haɗa ido, sai ya gane gidan surukai ne.

Kuma kwano ba ya komawa fanko. A juye, a wanke, a jefa goro ko ƙwan zabi ko ƙullin daddawa, yaro kuma a ba shi nasa barka da Sallah daban. Uwargida tana buɗe murfi ta karanta amsa. Idan an yi saɓani tun damina kan iyakar gona, zuwan kwano shi ne ban haƙuri, abin da ya dawo a ciki shi ne “ya wuce”, ba tare da babba ya zubar da girmansa da baki ba. Gidan da aka tsallake kuwa, kafin la'asar gari ya sani. Wace waya ce za ta ɗauki wannan saƙo?

Ba mu kaɗai ba ne. Dayak na Sarawak a Malesiya, da suke bikin girbin shinkafa na Gawai ranar 1 ga Yuni, hutun hukuma tun 1965, su ma barin birane suke su koma dogayen gidajensu na gandu, ana bi ƙofa ƙofa ana ci. Ba wanda ya ce musu ƙauyanci ne. Masu yawon buɗe ido ma biya suke su gani.

Ni a ganina, ziyarar Sallah ita ce rajistar dangi ta Bahaushe, kuma da ƙafar yara ake rubuta ta. Shi ya sa salula ba ta ba ni tsoro kamar yadda robar nan ta ci-ka-yar take ba ni. Ta fara shigowa da 'yan birni, wai don sauƙin wanke-wanke. Mai karɓa ba ta da abin da za ta mayar, yaro ba shi da dalilin zama a jira a juye, sai ya miƙa daga bakin ƙofa ya juya, ko sunan matar gidan bai riƙe ba.