Harshen Umarni a Takardar Na'urar Gwajin Wutar Mota: Tsokaci

1.0 Gabatarwa

Manazarta Hausa sun daɗe suna mai da hankali ga waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari, amma akwai wani nau'in zube da ba a cika waiwayarsa ba, watau rubutun umarni, irin wanda akan samu cikin kwalin magani ko na na'ura. Ma'aunin kyan wannan rubutu guda ne: mai karatu ya ajiye takarda ya aikata abin da aka ce, ba tare da ya ji ciwo ko ya yi ɓarna ba. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wata takarda ta irin wannan, a nuna inda ta gaza, sa'an nan a ga darasin da ke ciki ga mai fassara.

Takardar ta zo ne cikin kwalin wata na'urar gwajin wutar mota da na saya lokacin da fitilun bayan motata suka mutu. Shafi ɗaya ce, da Turanci, jimloli huɗu da zane guda. Na karanta ta sau uku ban gane inda zan fara ba. Daga bisani wani mai gyaran wutar mota ya roƙe ni in mayar masa da ita Hausa saboda yaran da ke koyo a hannunsa. Daga nan ne wannan tsokaci ya samo asali.

2.0 Na'urar da Aikinta

Na'urar ta yi kama da sukuddireba. Tana da tsinke a baki, da ɗan ƙwan fitila a cikin mariƙi, da waya wadda ta ƙare da wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar bakin kada, wanda za mu kira maƙali. Ƙananan motoci suna aiki da batir mai bolt 12, manya da yawa kuwa bolt 24. A kusan dukkan motocin yau, kan batir mai alamar ragi (−) haɗe yake da ƙarfen jikin mota, ta yadda jikin motar ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Idan aka maƙala maƙali a ƙarfen jikin mota, aka taɓa tsinke a wurin da wuta ta iso, ƙwan zai yi haske. Iyakar aikin ke nan, amma takardar ba ta bayyana ko ɗaya daga cikin wannan ba.

3.0 Inda Takardar ta Gaza

Gazawa ta farko ita ce ta jeri. Jimlar farko ta ce a taɓa tsinke a wurin da ake son gwadawa, sai a jimla ta uku aka ambaci maƙali. Alhali kuwa maƙali ake fara haɗawa. Haka kuma ba a ce a gwada na'urar kanta a jikin batir kafin a soma aiki ba. Wanda ya tsallake wannan mataki, in ƙwansa ya mutu ko maƙalinsa ya kama fenti ko tsatsa, zai yi ta zargin lafiyayyar waya.

Ta biyu ita ce rashin fassara alama. Takardar ta ce haske yana nuna akwai wuta, ta yi shiru. Mu ɗauki gwajin fis, alal misali. Fis irin na zamani yana da ƙananan wurare biyu na ƙarfe a bayansa, inda ake taɓa tsinke. Haske a duka biyun yana nufin fis lafiya lau yake. Haske a gefe ɗaya kawai yana nufin ya ƙone. Rashin haske a duka biyun kuwa ba ya nuna laifin fis, domin wataƙila ba a murɗa makulli ko ba a kunna fitilun ba. Sakamako uku ke nan, takardar ta ambaci ɗaya.

Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce ta gargaɗi. An ajiye shi a ƙarshen shafi da ƙananan haruffa, kuma abin da ya ƙunsa bai wuce a yi hattara ba. Hattara da me? Na'ura mai ƙwan fitila tana jan wuta da ɗan dama, har tana iya lalata kwamfutar mota in aka taɓa ta a wayoyin da ke kai mata saƙo. Wayoyin jakar iska, waɗanda galibi mahaɗarsu rawaya ce, ba a gwada su da ita ko kaɗan. A motoci masu haɗa injin da lantarki akwai wayoyi masu ruwan lemo, masu ɗauke da bolt ɗaruruwa, waɗanda ke iya kisa. Gargaɗin da ya zo bayan aiki ihu ne bayan hari.

Waɗannan kurakurai ba sababbi ba ne ga masana wannan fanni. Tsarin sauƙaƙan Turanci da masana'antun jiragen sama na Turai suka fitar a 1986 ya ƙayyade cewa jimlar umarni kada ta wuce kalmomi 20, kuma kowace jimla ta ɗauki umarni guda. Akwai kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba 82079-1 kan shirya takardun umarni, wadda aka sabunta a 2019.

4.0 Tarkon Kalmomi a Hausa

Mai fassara da ya bi takardar kalma da kalma zai gaji kurakuranta, ya ƙara da nasa. Kalmomi biyu sun isa misali.

Turanci yana kiran hanyar komawar wuta da kalmar da ke nufin ƙasa. In aka rubuta “a haɗa maƙali da ƙasa”, ɗan koyo yana da hujja ya duƙa ya nemi turɓaya. Abin da ake nufi shi ne ƙarfen jikin mota, kuma haka ya kamata a rubuta.

Kalmar wuta ta fi wannan wuyar sha'ani. A bakin Bahaushe tana nufin gobara, da lantarki, da hasken fitila, kuma a cikin lantarkin ma ba ta bambanta ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt, da yawan wutar da ke gudu a waya, wanda ake aunawa da amfiya. Jimlar “in wuta ta kama” tana iya zama albishir, tana iya zama kururuwa. Bambancin ƙarfi da gudu kuwa yana da tasiri a aikace: akwai na'urar gwaji mai ɗan ƙwai na zamani wanda ba ya jan wuta sosai, saboda haka yakan yi haske ko da wayar ta yi tsatsa har ba ta iya kunna fitilar mota. Dole ne mai fassara ya keɓe kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, ya tsaya a kanta har ƙarshen takarda, ko da maimaicin zai gundure shi.

5.0 Abin da Hausa ke da Shi

Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Sigar nan mai “a”, kamar “a kama”, tana kauce wa zaɓi tsakanin “ka” da “ki”, kuma ba ta da kaushin umarni kai tsaye. “Sai” da “sa'an nan” suna riƙe jeri, “in” da “to” suna haɗa alama da ma'anarta, “kada” kuma tana ɗaukar hani. Ga yadda na sake gina sashen gwajin fis:

Kada a taɓa tsinke a waya mai ruwan lemo ko mahaɗa rawaya.
A maƙala maƙali a ƙarfen jikin mota, inda babu fenti.
A taɓa tsinke a kan batir mai alamar ƙari (+). In ƙwai ya yi haske, to na'ura lafiya take.
Sai a murɗa makulli, a kunna abin da ya mutu.
A taɓa tsinke a gefen fis ɗaya, sa'an nan ɗayan.
In gefe ɗaya kawai ya ba da haske, to fis ya ƙone.
In babu haske ko'ina, to wuta ba ta iso fis ba.
A canza fis da mai lamba iri ɗaya: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20.

Mai karatu zai lura cewa wannan ya zarce fassara, domin an sake jeri, an kuma cike giɓi. Da na karanta wa mai gyaran, sai ya ce ai haka yake koya wa yaransa da baki. Ashe salon da ake nema yana nan a garejinmu, rubuta shi ne ba a yi ba.

6.0 Kammalawa

A shekarun 1950 Hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai na koyar da sana'a da kiwon lafiya da Hausa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya share fagen kalmomin nazarin harshe da adabi. Abin da ya rage shi ne a kai irin wannan himma ga kalmomin masu sana'a. Shawararmu ita ce sassan Hausa su sa rubutun umarni cikin darussan fassara, a tura ɗalibai gareji su tattaro kalmomin da ake amfani da su, kuma a auna kowace fassara ta hanyar miƙa ta ga ɗan koyo a ga abin da hannunsa zai aikata.