Sharhi: Na'urar auna ƙura ta ce lafiya lau, alhali hazo ya rufe gari

Ƙananan na'urorin auna ƙurar iska, irin su PurpleAir, sun yi arha yanzu, har wasu na ganin da zarar an rataya ɗaya a gari, shi ke nan an san lafiyar iskarsa. Mu dai muna da ja.

Ga yadda suke aiki: 'yar fanka tana zuƙo iska ta bi ta gaban hasken leza. Ƙwayoyin da suka gitta sai su watsa hasken, na'urar ta auna shi, ta kintaci yawansu da girmansu, sannan ta lissafa nauyinsu. Wato ba a sikeli take aunawa ba, kintace ne daga haske.

A kan hayaƙi tana ƙoƙari ƙwarai, domin yawancin ƙwayoyinsa ba su kai maikiromita 1 ba, kuma irinsu ta fi gani. Matsalar ita ce hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, akasarin nauyinta yana cikin ƙwayoyi masu ɗan girma, kuma gwaje-gwaje sun nuna irin wannan na'ura tana ƙirga su ƙasa da yadda suke. Da damina kuwa laima kan kumbura ƙwayoyin, sai adadin ya haura gaskiya.

To ka ɗauka an kafa ta a Tudun Kaya cikin Janairu. Hazo ya rufe hanyar Karaye, amma lambar da ke waya ta nuna da sauƙi. Mahaifin yaro mai asma ya yarda da waya ko da idonsa? A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin yini guda: maikirogiram 15 na PM2.5 da 45 na PM10 a kowace kubik mita ta iska. Na'urar da ba ta ganin manyan ƙwayoyi ba za ta faɗa maka an ƙetare na biyun ba.

Sannan wadda ke bangon makaranta ba ta san hayaƙin itacen da uwa ke shaƙa a bakin murhu ba.

Ba cewa muke a yar da ita ba. A fara ajiye ta kusa da babbar na'urar da ke tace ƙura a auna nauyinta, a hunturu da damina, a gyara lissafinta da ƙurarmu. Kafin nan, in ka ga hazo, ka rufe wa yaro hanci.