Basil Fawlty, Sarkin Wulaƙanta Baƙi

Kashi goma sha biyu ne kacal, kowanne kimanin rabin awa. BBC ta nuna shida a 1975, ta ƙara shida a 1979, daga nan aka rufe otal ɗin. Amma wallahi har yau ban ga wasan barkwancin da ya kama ƙafar Fawlty Towers ba, kuma mai son musu ya same ni a Greensboro, ni zan sayi shayi.

Labarin wani ɗan ƙaramin otal ne a Torquay, garin bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Mai otal ɗin, Basil Fawlty, dogo ne zanƙalele, ga gashin baki, ga zafin rai, ga son a san shi da manya. Babu abin da ya tsana a duniya kamar baƙin da suke biyan shi kuɗin ɗaki. Matarsa Sybil ita ce dodonsa, kira ɗaya za ta yi masa ka ga ƙato ya shiga taitayinsa. Sai Polly, yarinyar da ita kaɗai ce mai cikakken hankali a gidan, da kuma Manuel, sabis ɗin da aka ɗauko daga Barcelona saboda araha, wanda Turancinsa bai kai ya kawo ba.

John Cleese, wanda ya fito a Basil, shi da matarsa ta lokacin Connie Booth, wadda ta fito a Polly, su suka rubuta wasan. Abin mamaki, Basil ba ƙirƙira ba ce zalla. A 1970 'yan ƙungiyar barkwanci ta Monty Python, har da Cleese a cikinsu, sun sauka a otal ɗin Gleneagles a Torquay, suka haɗu da mai shi, Donald Sinclair, wanda ya sa aka fitar da jakar Eric Idle waje wai kada bam ne a ciki, ya kuma yi wa Terry Gilliam, Ba'amurke, gyara kan yadda yake riƙe wuƙa da cokali. Sauran suka tattara suka sauya masauki. Cleese ya zauna yana nazarin mutumin. Allah ya saka masa da alheri da wannan zama!

Ina ganin Bahaushe ya fi Bature jin daɗin wannan wasa. Mu da aka raine mu a kan baƙonka Annabinka, aka koya mana shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, sai ga mutum yana yi wa baƙo tsawa don ya nemi man shanu. Dariyar tana zuwa ne haɗe da salati. Sannan Basil ba kowa yake wulaƙantawa ba, a nan gishirin yake. A kashi na farko wani ya zo ya ce shi basarake ne, Lord Melbury. Nan take Basil ya narke, ya tashi wasu baƙi daga teburinsu don a ba mai martaba wuri, har ya ba shi kuɗi. Ashe ɗan damfara ne, jakar dukiyar da ya ba da ajiya kuwa bulo ne a ciki. Wane ne a cikinmu bai san mai irin wannan hali ba, wanda babbar riga take sa shi durƙuso, talaka kuwa ko amsa sallamarsa sai ya ga dama?

A nan Greensboro ta ƙasar Amurka abin ya ƙara armashi. Garin yana da 'yan Nijar masu yawa, Hausawa da Zabarmawa, kuma wasu daga cikinmu sun taɓa aikin otal ko gidan abinci. A kudancin ƙasar nan murmushi wajibi ne a bakin aiki, ko an zage ka sai ka yi godiya ka yi wa mutum fatan wuni lafiya. In kasuwar kayan ɗaki ta High Point ta ci, a Afrilu da Oktoba, otal-otal ɗin yankin cika suke maƙil, mai gyaran ɗaki da mai karɓar baƙi su wuni a tsaye suna haɗiye magana. Wanda ya dawo gida daga irin wannan wuni ya kunna Fawlty Towers, Basil ne yake faɗa masa duk abin da ya haɗiye. Kashin Ba'amurken nan Mista Hamilton, wanda ya biya fam 20 don kuku ya tsaya ya yi masa abincin dare, Basil ya soke kuɗin a aljihu ya shiga kicin da kansa, har aka kama shi yana zazzaga wa kukun da babu shi masifa, mun kalle shi a falon wani ɗan'uwa daga Maraɗi har wani ya ƙware da shayi.

Manuel kuwa namu ne. Duk wanda ya sauka ƙasar nan da Faransanci ko da Turancin makaranta, ya yi ta gyaɗa kai ga maganar da bai fahimta ba, zai ga kansa a jikinsa. Andrew Sachs da ya taka rawar shi ma ɗan gudun hijira ne, a Berlin aka haife shi a 1930, iyalinsa suka tsere wa 'yan Nazi zuwa Ingila a 1938. Ya sha duka na gaske a wajen ɗaukar wasan, har ƙuna ya samu a kashin gobara. Akwai masu cewa ana yi wa baƙin haure dariya ne, ni ban yarda ba. Manuel ne mai tsarkin zuciya a gidan, wanda ake tona wa asiri kullum shi ne ubangidansa.

Ga kuma iya saƙa labari. Ƙarya ɗaya 'yar ƙarama Basil zai yi a minti na uku, kafin minti na talatin ta haifi 'ya'ya da jikoki. Ya yi cacar sukuwa a ɓoye don kada Sybil ta sani, ya ci, sai ga tsohuwa Misis Richards, wadda ba ta kunna na'urar jinta wai kada batir ya ƙare, ta ce an sace mata kuɗi. Yanzu ya zai yi ya nuna kuɗin hannunsa nasa ne ba tare da ya tona kansa ba? Haka za ka zauna cikinka yana ƙullewa. Ranar da motarsa ta mace a hanya da abincin manyan baƙi a ciki, sai da ya yi mata gargaɗi, ya ƙirga uku, sannan ya samo reshen itace ya hau zabga mata bulala. Wanda ya tashi da Samanja Mazan Fama ko marigayi Ibro ya san daɗin ganin babban mutum yana fushi da gaske a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Amurkawa sun gwada kwaikwayonsa har sau uku: Snavely a 1978, Amanda's a 1983, Payne a 1999. Duka sun faɗi warwas, a ganina don sun kasa barin mai otal ya zama mugu tsantsa. A 2000 kuwa Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa Fawlty Towers a lamba ta ɗaya cikin shirye-shiryen talabijin ɗin ƙasar, a 2024 kuma aka mayar da shi wasan dandamali a Landan. Ba na ɓoye cewa kashin baƙi Jamusawa yana da kalaman wariyar launin fata daga bakin wani tsohon Manjo da ke zaune a otal ɗin, shi ya sa aka ɗan janye shi a 2020 kafin a dawo da shi da gargaɗi. Amma a kashin nan ne likita baƙar fata, wanda Louis Mahoney ɗan Gambiya ya taka, ya fi kowa natsuwa da mutunci.

Sabon shiga ya fara da kashi na ƙarshe, na ɓeran Manuel, wanda aka sayar masa a matsayin wata dabbar ado daga Siberiya, ya kuma raɗa masa suna Basil. Ɓeran ya kuɓuce daidai ranar da duba-gari ya zo. An yi ta farauta, an zuba guba a nama, naman ya cakuɗe da na baƙi. Can a ƙarshe aka buɗe wa duba-gari gwangwanin biskit, ɓera ya ɗago kai suka haɗa ido, Basil ya tambaye shi cikin ladabi ko zai taɓa ɓera. Sybil ta shiga yi wa mutumin hirar ruwan sama, Manuel kuwa yana can baya yana jan ubangidansa a sume.