Jinjina ga Masu Binciken Ƙarin Ƙwaƙwalwa

Idan aka ciro ƙari daga kan mara lafiya, likitan tiyata ake yi wa godiya, kuma ya cancanta. Amma ɗan gutsuren naman nan sai ya bi ta hannun wasu bayin Allah a ɗakin gwaji, waɗanda dangi ba sa ko ganin fuskarsu. Su ke jiƙa shi a ruwan fomalin, su daskarar da shi cikin kaki, su yanka shi siriri fiye da silin gashi, su rina, sannan su duƙufa a kan madubin ƙara girma.

Nauyinsu ya ƙaru a 2021, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa. Yanzu ba a ce wa ƙari glioblastoma, dajin ƙwaƙwalwa mafi tsanani a manya, sai an ga ƙwayar gadon IDH ba ta sauya ba. In ta sauya, cutar ba ta cika saurin gudu ba, mai ita yakan fi daɗewa. Suna duba EGFR ma, mai karɓar saƙon da ke sa ƙwayoyin jiki hayayyafa, wanda ke ninkuwa a kusan kashi 40 cikin ɗari na masu glioblastoma.

Wanda ya fi burge ni shi ne gwajin ƙwayar gadon MGMT. Wani bincike na 2005 ya nuna cewa idan ƙwayar nan ta kulle, maganin temozolomide ya fi kama cutar. Ga dattijon da jikinsa ba zai ɗauki magani biyu ba, da sakamakon nan likita ke zaɓa masa ko ƙwayar magani ko gashin radiyeshan.